Maraɗi: garin da gona da iyaka suka gina

Lokacin da aka yi ƙidayar jama'a ta farko a Nijar, cikin shekara ta 1977, an iske mutum kimanin dubu 45 a garin Maraɗi. Ƙidayar 1988 ta iske fiye da dubu 110. Ta 2001 ta iske dubu 148, ta 2012 kuwa mutum 267,249. Ke nan cikin shekara 35 garin ya riɓanya kusan sau 6. Dattijon ƙauye da ya san Maraɗi zamanin mulkin Kunce, in ya daɗe bai shigo ba, yau sai ya tsaida yaro ya tambaye shi hanyar tasha. Inda ya bar gonakin hatsi unguwa zai taras, da masallacinta da lakkol da injin niƙa.

Abin ya isa a yi tambaya. Maraɗi ba ta bakin teku. Tashar jirgin ruwa da ta fi kusa da ita ta ɗara kilomita 1,000. Ba ta da yuraniyom kamar Arlit, ba ta da matatar man fetur kamar Damagaram, kuma ba nan gwamnati take zaune ba. Gulbinta ma sai da damana yake gudu. Duk da haka ita ake kira babban birnin kasuwanci na ƙasa, kuma ba a yi ƙarya ba. Abu biyu suka ɗaga ta: gonar mutumin ƙauye, da iyakar Najeriya. Duk wanda ya taɓa kai tiya goma ta wake kasuwa yana da hannu cikin ginin garin nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Da farko garin yaƙi ne. Bayan da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarauta ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake ce ma sarkin garin. Gobirawa su ma suka kafa Tibiri nan kusa a 1836. Tsohon gari cikin fadama yake, kurmi ya kewaye shi, daga nan ake fita kai hari a komo. Ayarin da ke tasowa daga Agadas zuwa Kano kuwa ta Damargu da Damagaram da Tasawa yake bi. Dukiyar wancan zamani can take. Maraɗi sai doki da mashi.

Turawa ne suka juya al'amarin, ba don suna nufin Maraɗi da alheri ba. Tsakanin 1904 da 1908 Faransa da Ingila suka shata iyaka, suka raba ƙasar Katsina biyu: birnin Katsina ga Ingila, Maraɗi ga Faransa, kimanin kilomita 90 tsakaninsu. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano daga Legas. Ba a daɗe ba kayan Turai ya daina ratso hamada bisa raƙumi, ya koma fitowa daga kudu. Damagaram ta rasa ayari, a 1926 kuma ta rasa gwamna, aka maida shi Yamai. Shekara ɗaya bayan haka kwamandan da ke Tasawa ya kwashe ya dawo Maraɗi.

Sai gujiya, wadda mutanen Kano ke ce ma gyaɗa. Nasara ya ce a biya lanho da kuɗi, kuɗi kuwa ba su samuwa sai an sayar da abin da kamfani ke so. Ƙasar Maraɗi jigawa ce, gujiya ta karɓe ta ƙwarai. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna, a 1942 kuma aka kafa izin ɗin tatsar mai na Siconiger. Da an gama kaka sai a buɗe ciniki. Bature ba ya bin kasuwannin ƙauye da kanshi. Ɗan gari yake kira ya ba shi kuɗi da buhuna da sikeli, ya ce je ka sayo. Shi kuma ya rarraba ma yaranshi, kowa da kasuwar da zai tsare. Raƙuma da jakkai su kwaso, a yi dalar buhuna bakin gari, kamyo ya ɗiba zuwa tashar jirgi ta Kano. Daga 1953 aka riƙa bi da wani kashi ta Faraku zuwa Kwatano.

Cikin waɗannan masu awo ne aka samu alhazan farko na Maraɗi. Yadda suke aiki ya cancanci a tsaya a kanshi, don har yau bisa shi kasuwar garin take tafiya. Ubangida yana da barori. Bara ya yi mashi shekaru yana awo, yana rakiyar kaya, yana kwana bisa buhu. Ba albashi yake jira ba. In ya nuna amana, ubangida ya yi mashi aure, ya ba shi jari, shi ma ya zama mai yara, amma bai fita daga inuwar gidan ba. Wannan shi ake kira arzikin mutane, kuma a Maraɗi mai shi ya fi mai arzikin kuɗi ƙarfi. Da shi ake aika kayan miliyoyi Kano ko Kwatano ba takarda ba banki, magana kawai.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ƙauye ya fi sani. Cikin watan bakwai, rumbu ya yi ƙasa, ga noma bai ƙare ba, sai mai awo ya ba manomi bashin hatsi ko na kuɗi, a biya da gujiya in kaka ta yi, bisa farashin da mai bashi ya yanke. Mutane suka sa ma irin wannan bashi suna “a ci ba daɗi”. Soraye da yawa da shi aka aza harsashinsu.

Ana cikin haka, da damanar 1945 gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon gari. Aka tashi jama'a aka hau da su tudu, aka ja tituna miƙaƙƙu masu faɗi, unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Maradawa suka hau da sunayensu. Masifa ce, amma ita ta fid da garin daga fadama inda ba shi da wurin miƙe ƙafa, ta kai shi inda babu abin da zai tare shi sai gonakin mutane.

Bayan samun mulkin kai gwamnati ta kafa SONARA a 1962 ta riƙe fitar da gujiya waje, ta kafa UNCC don manoma su haɗa kai cikin kwaparatif su yi awon kayansu da kansu. Cikin shekarun 1960 gujiya ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga abin da take sayarwa ƙasashen waje, har akwai shekarar da aka noma kusan tan dubu 300. Sai farin 1973 ya zo. Kafin a farfaɗo, a 1975 darɓa ta baza kuturtar gujiya cikin gonaki, abin da aka samu duk ƙasa bai kai tan dubu 50 ba. Iri ya ɓace hannun mutane da yawa. Manomin da ya ga yunwa da idonshi ya maida gonarshi hatsi, gwamnati kuma hankalinta ya koma ga yuraniyom da aka fara fitarwa a 1971. SONARA ta yi ta jan ƙafa har aka rufe ta.

To, a nan ne abin lura yake. Gujiya ta mutu, ƙauye ya talauce, amma Maraɗi ba ta girgiza ba. Hasali ma tsakanin 1977 da 1988, bayan faɗuwar gujiya ke nan, garin ya fi ninki biyu. Wani kashi na sababbin mutanen fari ne ya koro su, suka zo neman ɗan dako da ga-ruwa da gadi, ba su koma ba. Amma da babu abin yi da ba su zauna ba. Abin yin kuwa iyaka ce ta kawo shi, don alhazai sun riga sun sauya sheƙa tun gujiya tana da rai.

Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya rikita hanyoyin da arewacinta ke samun kaya, ƴan kasuwar Maraɗi suka shiga suka cike gurbi. Bayan yaƙi kuɗin fetur suka malalo Najeriya, mutane suna son kaya, gwamnatinsu kuma ta hana shigo da wasu don ta kare masana'antunta. Sai aka samu abin da ake kira taransit. Taba sigari da atamfa su sauka Kwatano da sunan Nijar, su hau ta Gaya da Doso da Kwanni, su kwana cikin sito a Maraɗi, a biya duwan abin da ya sauƙaƙa, sa'an nan su tsallaka kudu ta hanyoyin da direba da dare suka sani. Daga baya shinkafa da gwanjo da tsofaffin motoci suka bi sahu. A wajen Nijar ciniki ne na halal, baitulmali ma yana samu. A wajen Najeriya fasa-ƙwauri ne. Motar da ta kai ba ta komowa wofi: fetur, siminti, takin zamani, sabulu, robobi, duk su hauro. Kwalaben ruwa-ruwa da aka saba gani bakin gudro jikokin wannan ciniki ne.

Kuɗin da aka samu sun shiga kamyo, sun shiga gidaje da masallatai da aikin hajji, sun shiga shanu da gonaki. Ba su shiga izin ba sai kaɗan. An yi majema ta zamani ta SONITAN saboda fatar jar akuyar Maraɗi da duniya ta sani, an yi injin gurzar kaɗa, an yi wasu ƙanana, amma galibinsu sun rufe cikin shekarun 1980 da 1990, kayan Najeriya masu araha sun danne su. Ba a ga laifin alhaji ba sosai: wanda jarinshi ke juyawa cikin wata uku, da wuya ya binne shi cikin ƙarfen da sai ya shekara goma kafin ya maida. Amma sakamakon ke nan, fata ta fita ɗanya, riɗi ya fita ɗanye, aikin da za a yi a kansu a ci abinci wasu can suke yi. Izin ɗin da bai taɓa rufewa ba a Maraɗi shi ne na mata cikin gidaje, masu suyar gujiya su matse mai su murza ƙuli-ƙuli. Su ba su taɓa samun bashin banki ba, kuma ba su taɓa karyewa gaba ɗaya ba.

Garin da ya dogara da ƙofa kuwa, ranar da aka rufe ta zai ji jiki. Cikin watan Afrilu na 1984 Najeriya ta rufe iyakokinta, ba ta buɗe ba sai Maris na 1986. Rufewar ta haɗu da fari. Hatsi bai hauro ba, bisashe ba su gangara ba, ƴan biɗa ba su samu hanya ba. Har yau tsofaffi El Buhari suke ce ma yunwar shekarar. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An kuma rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023, sai Maris 2024 aka buɗe ta wajen Najeriya, kayan teku kuma suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya ƙaru. Ko ƙofa tana buɗe, akwai maganar canji. A Janairu 1994 an rage darajar sefa da rabi, bisashe da waken Nijar suka yi araha ga mai naira, aka yi ta saye. A 2023 naira ta faɗi warwas, aka kuma janye tallafin fetur, abin ya juye: ragon Nijar ya yi ma Bakano tsada, mai ruwa-ruwa ya rasa riba. Manomin Mayahi ko na Dakwaro bai taɓa zama bencin ƴan canji ba, amma abin da aka yanke a bencin nan shi zai tarar ranar kasuwa in ya ja akuyarshi.

Gona dai ba ta daina ciyar da garin ba. Gurbin gujiya wake ya shiga, da aya ta wajen Agye da Caduwa da Gazawa, da riɗi, da bisashen arewa. Tsarin awo bai sake ba, sai dai babu Bature a samanshi. Yaran alhazai suna nan kowace kasuwar mako da tiya da buhu, kaya ya taru Maraɗi, shekara da shekaru kuma mafi yawanshi Jibiya yake nufa, da Dawanau ta Kano.

Shekara ta 2005 ta nuna inda gizo ke saƙa. Damanar 2004 ta yanke da wuri, fara ta taɓa wasu wurare, amma ba a rasa hatsi duk ƙasa ba. Da kaka manoma suka sayar don biyan bashi da lanho da biki. Farashi ya yi kyau a Najeriya, buhuna suka gangara. Da damana ta kama, buhun hatsi ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni, ninki biyu ko uku na kuɗinshi na kaka. Jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa, ita ta fi kowace cika gidajen jinyar yara masu tamowa. Uwa ta ratsa kasuwa cike da cimaka da ɗa a bayanta za ta likita, don ba ta da abin saye. A Oktoba 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi da dawa da masara da wake da shinkafa, sai zuwa Mali da Burkina Faso, don kada a maimaita irin wannan. Dokar tana iya tsaida buhu cikin ƙasa. Ba ta hana shi barin rumbun manomi da araha ya koma sito cikin birni.

Sa'an nan ga maganar ƙasa. A ƙidayar 2012 jihar Maraɗi tana da mutum miliyan 3 da dubu 400 bisa murabba'in kilomita 41,796, wato kusan mutum ɗaya cikin biyar na Nijar duka, cikin ɗan yankin da bai kai kashi 4 cikin 100 na faɗin ƙasa ba. A kudancin jihar babu sauran saura. Gonar gado an raba, an sake rabawa, har ta koma ba ta cika rumbu guda. Birni kuma yana matsowa ta tudu. Yau a zo a yi awon fegi, gobe a kafa duwatsu, jibi gini ya tashi. Mai gona ya ga kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, ya sayi babur ya shiga kabu-kabu, ya ƙara aure. Babur shekara nawa yake yi? Wasu gonakin ma da ke nesa da gari ƴan kasuwa da ma'aikata ne ke saye, mai ita na jiya ya koma yi masu ƙwadago a cikinta. Tun 1993 akwai dokar ƙasar noma, akwai kwamitocin kula da filaye da ake kira kofo, har a ƙauyuka. Wanda zai sayar, ko ya jinginar, ko ya ba da aro, ya kamata ya bi ta wurinsu a rubuta, don rigimar gona da yawa daga jingina ta baki take tasowa, bayan shaidu sun mutu.

Birni yana cin itace kamar yadda yake cin hatsi. Dajin Baban Rafi ya san haka. Gulbi ma ya ragu tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a farkon shekarun 1990, masu lambu cikin fadama sun koma dogara da rijiya da injin ban-ruwa. Tun daga 2019 kuma ɓarayin daji sun addabi yankin Madarunfa da Gidan Rumji, suna kore shanu suna kama mutane, ga dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Wanda ya kasa kwana ƙauyensu, Maraɗi yake nufa. Wannan ma yana cikin girman garin, ko da yake ba a sa shi cikin kirari.

Ba a ce birni bai yi ma ƙauye rana ba. Nan ake kawo marar lafiya in likitar ƙauye ta gaza. Tun 2010 akwai jami'a, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, ɗan manomi yana karatun aikin gona ba sai ya je Yamai ba. Bikin Maraɗi Kwalliya na 2015 ya bar tituna da fitilu. Mai tumatir da zogale na Jiratawa ba ya rasa mai saye. In babu alhaji da kamyonshi, aya sai ta ruɓe a Caduwa. Maganar ita ce ta rabo: wa ke riƙe da buhu daga watan da yake araha zuwa watan da yake tsada.

Cikin Fabrairu 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, shekara 110 bayan jirgi ya iso Kano. In ya fara sintiri kuɗin dako zai sauka, garin zai ƙara cika, fegin da ke kusa da tasha zai yi tsadar da ba a taɓa ji ba. Tarago ɗaya yana ɗaukar abin da ya fi na babban kamyo, kuma ba ya tsayawa shingen hanya. Wake da riɗi da raguna za su fita da sauri fiye da da. In tsarin awo yana nan yadda yake, saurin fitar ba zai ƙara ma manomi ko dala ba.

Dabarar da ta ɗan taɓa wannan tsari ita ce warantaj, wadda aka fara gwadawa a Nijar wajen 1999. Manoman gari su haɗa ƙungiya, su tara buhunansu da kaka cikin magaza ɗaya, kowane buhu da sunan mai shi. A sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya hannun ƙungiya, ɗaya hannun asusun ba da bashi. Asusu ya ba kowa bashin da ya ɗan gaza kuɗin kayanshi na ranar. Da shi zai biya bukatar kaka, ya yi kiwon turka ko lambu ko ƴar sana'a da rani. Bayan wata biyar ko shida ya biya bashi da ɗan abin da ya hau, a buɗe magaza, ya ɗauki buhunshi lokacin da farashi ya tashi: ko ya sayar ya sayi taki da iri, ko ya kai gida a ci. Tana da hatsarinta. Akwai shekarar da farashi ba ya tashi, wake kuma in ba a zuba shi cikin buhu mai leda biyu an ɗaure da kyau ba, ƙwari sun gama da shi kafin bazara. Asusu ba ya karɓar magaza mai yoyo, ba ya kuma hulɗa da ƙungiyar da ba ta da takardar amincewa daga hukuma. Takardar tana ɗaukar lokaci, gyaran magaza ma haka. Garin da ke son ya rufe kayanshi cikin Nuwamba, tun hatsi yana bununi ya kamata shugabannin ƙungiya su je wurin malamin gona na karamar hukumarsu.